Tarun da Aka Saƙa wa 'Yan Ta'adda, Su Wa Yake Kamawa?

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba, 2024, aka shigo da mutum 76 zauren Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, gaban Mai Shari'a Obiora Egwuatu. Kusan talatin daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya ga hotunan ranar ba zai manta ba: duk sun rame, haƙarƙari a fili, riguna sun yi dauɗa. Zama bai yi nisa ba huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kowa, har alƙali ya tashi ya dakatar da shari'ar na ɗan lokaci. Daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa aka kwaso su a lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta, kuma cikin tuhume-tuhumen da ake musu har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne.

Alƙali ya ba da belinsu a kan naira miliyan 10 kowanne, da masu tsayawa biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15. Ina ɗan talaka daga Kurna ko Rigasa zai samo irin wannan mai tsayawa a Abuja? Ƙasa ta ɗauki zafi. Bayan kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari kotu ta kori ƙarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Aka yi hamdala, kowa ya koma harkarsa.

Yunwar yaran da ƙarancin shekarunsu aka fi tattaunawa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ta yaya aka ajiye mutane kusan wata uku ba a karanta musu laifinsu ba, a ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya ce kwana ɗaya ko biyu? Amsar tana cikin sashe na 66 na Dokar Hana Ta'addanci ta 2022. Da wannan sashe 'yan sanda suka je gaban Mai Shari'a Emeka Nwite a watan Agusta, suka samo izinin tsare masu zanga-zanga 124 na kwana 60, cikinsu har da ƙananan yara. An ba da izinin ba tare da an ji ta bakin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Duk lokacin da aka sace ɗalibai ko aka tare hanya aka kashe matafiya, kiran da ake ji a gidajen rediyo da majalisun unguwa ɗaya ne: a tsaurara doka, a sakar wa jami'an tsaro mara, a daina sauraron masu kare haƙƙin ɗan'adam. In wani ya ce a yi hattara, sai a ce masa ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Dokar 'yan ta'adda ce, kai da ba ɗan ta'adda ba mene ne naka a ciki? Babu maganar da ta kai wannan yaɗuwa a kan dokar, kuma babu wadda ta kai ta kuskure.

Ba a raina zafin da ke bayanta ba. Mutumin Kano da ya ga 20 ga Janairu, 2012, ranar da aka kashe aƙalla mutum 185, ko ya tsira daga harin Babban Masallacin Juma'a a Nuwamba 2014, ba mai koya masa mene ne ta'addanci. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rai kusan 350,000, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cututtukan da rikicin ya jawo. Ƙasar da ke cikin wannan hali dole ta yi doka, dole ta ba jami'anta iko. Abin dubawa shi ne a kan wa ikon yake sauka.

A ranar da aka kama mutum, babu wanda ya tabbatar ko shi ne ko ba shi ba ne. Abin da ke hannun hukuma zargi ne. Sai an yi shari'a, an kawo shaida, an ji ta bakinsa, sannan a ce ga mai laifi. Saboda haka duk ikon kamawa da tsarewa da dokar ta bayar, a kan wanda ake zargi yake aiki, tun kafin a san gaskiyarsa. Shi kuwa zargi ba shi da shinge. Ana zargin mutum don lambarsa ta fito a wayar wani, ko don sunansa ya zo ɗaya da na wanda ake nema. Ana zarginsa don ya ɗauki fasinja a babur bai san ko wane ne ba, ko don wanda suke rigimar gona da shi ya kai sunansa, ko don an yi kamen kan mai uwa da wabi a layinsu bayan tashin bam shi kuma yana zaune a bakin ƙofa.

Taru ba ya tambayar sunan kifi. Masunci ya jefa shi da niyyar giwan ruwa, ya jawo da tarwaɗa da ƙarfasa da kwaɗi, kuma iyakar abin da ke ceton 'ya'yan kifi shi ne faɗin idon tarun. Manomin da ya fesa maganin ciyawa ranar iska, har waken maƙwabcinsa yake ƙonawa. Yaran da suka cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya, sau da yawa gafiyar ta shige rami, rumbun wani ne ke tashi. Ƙa'idojin nan da ake jin haushinsu, a kai mutum kotu da wuri, a bar shi ya ga lauya, a gaya masa laifinsa, su ne idon tarun. Ɗan ta'addan da aka kama da bam a hannu ba za su kuɓutar da shi ba, don shaidarsa a fili take. Wanda bai ci nanin ba, shi suke hanawa nanin ta ci.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi magana dalla-dalla. Duk wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. A kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ƙara da cewa duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Ko dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, da ta yarda a ajiye mutum kafin tuhuma, kwana 14 ta ware a karon farko, kuma ta sa iyaka ga sabuntawa.

Sashe na 66 na dokar ta'addanci ya zo da wata hanya. Hukumar tsaro ta je gaban alƙali ita kaɗai, ta gabatar da rantsuwa a rubuce cewa tana bincike, alƙali ya ba ta kwana 60. In sun ƙare ana iya sabuntawa da wasu 60, da sanin Atoni Janar, har sai an gama bincike da shari'a. Wanda ake maganar a kansa yana can a kulle, bai ma san an zauna ba. Ko a gaban mai unguwa, in mutum ya kawo ƙara cewa akuyar wani ta ci masa shuka, ba a yanke magana sai an aika an kira mai akuyar. Alƙalin shari'ar Musulunci ma a kan mai da'awa yake ɗora kawo hujja. A nan kuwa ana ɗauke wa mutum wata biyu na rayuwarsa da jin ɓangare ɗaya.

A takarda kwana 60 lamba ce. Ga mai tuƙa adaidaita sahu da ke kai balas kullum, kwana uku ma sun isa mai keke ya karɓe abinsa ya ba wani. Ga mai shago a kasuwa, kayan da ya karɓa bashi suna nan a rufe, masu kaya na sintiri. Matarsa ta bi caji ofis bayan caji ofis da kwanon abinci, kowa ya ce mata ba ya nan. A sayar da tunkiya a ba wani da ya ce ya san hanya, a sayar da gado da katifa a ba lauya. Ranar da aka sake shi ba wanda zai ce masa yi haƙuri, kuma sunan da unguwa ta sa masa, wanda aka taɓa kamawa da zargin ta'addanci, yana nan tare da shi in ya je neman aiki ko neman aure.

Manya za su tuna dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma sabunta. Tana cikin manyan dalilan da suka sa aka yi fafutukar komawa mulkin farar hula, kuma an soke ta a 1999. Gyaran da aka yi wa dokar ta'addanci a 2013 ya dawo da kwana 90 masu sabuntawa, bambancin kawai yanzu sai alƙali ya sa hannu. A 2022 aka rage zuwa 60.

Yana da kyau a duba yadda Birtaniya ta yi da wannan tambaya. Ranar 7 ga Yuli, 2005, bama-bamai suka kashe mutum 52 a Landan. Firayim Minista Tony Blair ya nemi majalisa ta ba 'yan sanda kwana 90 su tsare wanda ake zargi kafin tuhuma. A watan Nuwamba, wata huɗu kacal bayan harin, majalisar ta ƙi, da ƙuri'a 322 a kan 291, kuma wannan ne karon farko da aka kayar da shi a zauren tun hawansa mulki, da hannun 'yan jam'iyyarsa. Aka tsaya a kwana 28. A 2008 aka sake neman 42, majalisar dattawansu ta yi watsi da shi. A 2011 aka koma kwana 14. Ba a ce Birtaniya ta wanke hannunta ba, ita ma tana da nata ta'asar, amma aƙalla wakilanta sun zauna sun yi musu a kan kowane kwana. A Najeriya 'yan ƙasa nawa ne suka ji muhawarar kwana 90 ko 60 kafin ta zama doka?

Asalin dokar ma da matsin lamba daga waje. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 1373 da ya wajabta wa ƙasashe su yi dokokin yaƙi da ta'addanci. Najeriya ta yi ta jan ƙafa har zuwa Disamba 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke shirin sauka Detroit, Amurka ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake tsananta binciken matafiyansu. A Yuni 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar farko. A 2013 aka ƙara mata ƙarfi har da hukuncin kisa, a Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wadda ake aiki da ita yanzu. Dokar da kanta ta ce zanga-zanga ko yajin aiki ba ta'addanci ba ne, muddin ba da niyyar yin irin ɓarnar da ta lissafa aka yi su ba. Sai dai wa ke fassara niyya a ranar kame? Wanda ya yi kamen.

Jerin waɗanda tarun ya kama ya isa shaida. A Agusta 2019 hukumar DSS ta kama Omoyele Sowore, ɗan jarida kuma tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa, don ya kira zanga-zanga. Da dokar ta'addanci ta nemi kwana 90, alƙali ya ba ta 45. Kotu ta ba da belinsa, hukumar ta ƙi saki. Da ta sake shi ranar 5 ga Disamba, washegari jami'anta suka sake cafke shi a harabar kotu. A 2024 gwamnati ta janye ƙarar baki ɗaya. Agba Jalingo na jihar Kuros Riba ya yi rubutu yana tambayar ina naira miliyan 500 na wani bankin jihar suka shiga, aka tuhume shi da ta'addanci da cin amanar ƙasa, ya yi kwana 179 a tsare, a 2022 kotu ta wanke shi. Jones Abiri, ɗan jarida daga Bayelsa, shekara biyu ya yi a hannun DSS daga 2016 ba a kai shi gaban alƙali ba.

A Nuwamba 2020 Babban Bankin Najeriya ya je kotu shi kaɗai ya samo izinin rufe asusun ajiya 20 na masu hannu a zanga-zangar adawa da rundunar SARS, bisa zargin ɗaukar nauyin ta'addanci. Sai a Fabrairu 2021 aka buɗe su. A Agusta 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar Zamfara, wai ta ɗaukaka ta'addanci, alhali shirin ya nuna wa sauran ƙasa abin da mutanen ƙauyukan suka daɗe suna gani da idonsu. A Agusta 2024 'yan sanda suka gayyaci shugaban ƙungiyar ƙwadago, Joe Ajaero, kan zarge-zargen da suka haɗa da ɗaukar nauyin ta'addanci. Ɗan jarida, ɗan ƙwadago, mai zanga-zanga, gidan talabijin: babu mai bam a cikinsu.

Haka abin yake wajen haramta ƙungiya. Atoni Janar ya je gaban alƙali shi kaɗai, a ba da umarni, a buga a jaridar gwamnati, daga nan zama ɗan ƙungiyar ya zama laifi. Ta wannan ƙofa aka haramta Boko Haram a 2013, IPOB a 2017, Harkar Musulunci ta Sheikh Ibrahim Zakzaky a Yuli 2019, da 'yan bindiga a 2021. Mutum na iya ƙaunar wata ko ƙin wata daga cikinsu, amma ƙofar guda ce, kuma ba a kiran wanda za a haramta ya kare kansa kafin a rufe ta. Shi Zakzaky, kotu ta ba da umarnin a sake shi tun Disamba 2016, ba a bi ba, har sai da Babbar Kotun Kaduna ta wanke shi da matarsa a Yuli 2021.

Mai riƙe da igiyar tarun yau ma ba shi da tabbas. Sambo Dasuki shi ne mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro lokacin da gyaran 2013 ya ɗora jagorancin yaƙi da ta'addanci a kan ofishinsa. Daga Disamba 2015 zuwa Disamba 2019 yana tsare. Tuhumarsa ta kuɗin makamai ce, kotuna kuma sun ba da belinsa sau da dama, amma gwamnati ta riƙe shi da hujjar tsaron ƙasa. A Agusta 2018 Shugaba Buhari ya gaya wa taron lauyoyi a Abuja cewa bin doka yana ƙarƙashin tsaron ƙasa da muradinta. Idan haka ne, duk wanda ke da ikon cewa wani abu ya shafi tsaro ya fi ƙarfin alƙali.

Waɗannan duk sanannu ne, suna da lauyoyi da jaridu. Inda abin ya fi muni shi ne inda ba mai suna. A Yuni 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa tun daga 2009 an kama aƙalla mutum 20,000 a Arewa maso Gabas, yawancinsu samari da yara maza, kuma tun daga 2011 sama da 7,000 sun mutu a hannun sojoji saboda yunwa, ƙishirwa, cunkoso da azaba. Rundunar soja ta musanta. Amma sunan barikin Giwa a Maiduguri ya zama abin da uwaye ke faɗa da rawar murya. Matan da suka gudo daga ƙauyukan Bama, waɗanda aka raba su da mazajensu a wurin tantancewa, sun haɗu suka kafa ƙungiyar Knifar, suna bin ofisoshi da jerin sunaye. Buƙatarsu ba ta wuce a kai mazajen kotu ko a sake su ba.

Da aka tashi shari'ar, a Oktoba 2017, sai aka kai alƙalai huɗu barikin Wawa da ke Kainji a jihar Neja, inda ake tsare da mutum 1,669. Zaman farko a asirce aka yi shi. An samu mutum 45 da laifi, an sallami 468 saboda babu abin da za a tuhume su da shi. Wato a kan kowane mutum ɗaya da aka ɗaure, an sallami goma, bayan wasunsu sun yi shekara da shekaru a kulle. Ƙungiyar Human Rights Watch, da ta halarci wani zama daga baya, ta ce wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, kuma da yawa an hukunta su ne kan gyaran mota, wanki ko kai abinci ga mayaƙa, ko don ba su kai rahoto ba. Mutumin ƙauyen da Boko Haram ta mamaye, aka sa masa bindiga aka ce ya dafa, ga wa zai kai rahoto, alhali hukuma ta riga shi gudu?

To ko duk wannan ya sayo tsaro? Ranar 30 ga Yuli, 2009, sojoji suka miƙa shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, cikin awoyi kaɗan aka kashe shi ba shari'a. Da an gurfanar da shi, da an ji su wa ke ba shi kuɗi, su wa ke tsaya masa. Kisan ya rufe wannan baki, ya ba Abubakar Shekau labarin da ya riƙa tara mabiya da shi. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin 'yan ƙungiyoyin ta'adda a Afirka, har da Najeriya. Kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya tura su a ƙarshe wani aiki ne na gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Babban makamin jami'in tsaro shi ne labarin da jama'a ke kawo masa. Uban da ya ga ɗansa ya fara wasu take-take zai kai shi ne kawai idan ya yarda za a bincika da adalci a dawo masa da shi in ba shi da laifi. In ya san kaiwa daidai take da binnewa, zai yi shiru, unguwa ma ta yi shiru. Sannan ikon ajiye mutum wata da watanni yana sa mai bincike lalaci. Me zai sa ya wahala neman shaida, tunda yana iya jira har mutum ya gaji ya sa hannu a takarda? Ranar da aka zo kotu sai a tarar babu komai sai wannan takarda, a ɗaure marar laifi da ita, ko mai laifin gaske ya kuɓuta don ba a tara hujja a kansa ba.

Wani darasi daga manyan ƙasashen dimokuraɗiyya shi ne dokar da aka yi cikin firgici ba ta tafiya da firgicin. Amurka ta zartar da dokar Patriot kwana 45 bayan harin 2001, sanata ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi. Sai a 2013, da Edward Snowden ya fallasa, Amurkawa suka san an yi amfani da sashe na 215 na dokar ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyinsu. Hukumar sa ido ta gwamnatin da kanta ta ce a 2014 ba ta ga bincike ko ɗaya na ta'addanci da tattarawar ta sauya sakamakonsa ba. Faransa ta kafa dokar ta-ɓaci bayan harin Paris na Nuwamba 2015, cikin makonni aka yi amfani da ita aka yi wa masu fafutukar kare muhalli ɗaurin talala. Ta-ɓacin ta kai kusan shekara biyu, da aka ɗage ta a 2017 an riga an kwashe yawancin ikonta an zuba a dokar yau da kullum.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba a ce a soke dokar ba, a gyara idon tarun ake cewa. Majalisar Tarayya na iya rage kwana 60, ta sa iyaka ga sabuntawa, ta wajabta a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali da lauyansa kafin a ƙara ko kwana ɗaya. Tana iya wajabta wa Atoni Janar ya kawo mata lissafi duk shekara: nawa aka tsare da wannan sashe, nawa aka tuhuma, nawa aka samu da laifi, nawa suka mutu a tsare. Jami'in da ya ƙi bin umarnin kotu ya kamata ya amsa da sunansa, a daina biyan diyya daga baitulmali shi yana samun ƙarin girma. Su ma alƙalai, dokar cewa ta yi suna iya ba da izinin, ba ta ce dole ba. Alƙalin da aka kawo wa jerin sunaye sama da ɗari yana da ikon ya ce a kawo masa mutanen ya gan su, ya tambayi shekarunsu.

Wasu kayan aikin ma suna nan, amfani da su ne ba a yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce alƙalin majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata ya duba waɗanda ke tsare. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta karɓar furucin da aka samu da duka a matsayin shaida. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, kuma dangin wanda aka tsare suna da ikon shigar da ƙara a babbar kotu a madadinsa.

Yaran da suka faɗi a kotun Abuja sun koma gida ne saboda an ɗauki hotonsu duniya ta gani, shugaban ƙasa ya sa baki. Sashen da aka tsare masu zanga-zangar da shi yana nan daram a cikin doka. Mai karatu da ke da ɗan majalisar wakilai da sanata, in sun zo neman ƙuri'a ya tambaye su ko sun karanta sashe na 66, da abin da suke shirin yi a kansa.